Kundin Aiki: Rubuta Tarihin Walter Mischel da Hausa

6 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa ajiye labarin inda aiki ya kwana. Aikin shi ne ɗan littafi da Hausa a kan rayuwa da binciken Walter Mischel, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka wanda ya rasu a 2018. Na ɗibar wa kaina wata takwas, babi bakwai, kalmomi wajen dubu 30. Allah ya fid da ni kunya.

Duk wanda ya saba zama a tarukan ƙara wa juna sani kan tarbiyya, da wuya a ce bai ji labarin gwajin alewa ba. A zaunar da yaro ɗan shekara huɗu, a ajiye masa alewa ɗaya, a ce in ya jira har babba ya dawo zai sami biyu. Daga nan sai mai jawabi ya gyara murya, ya ce waɗanda suka jira su ne suka zama mutane, waɗanda suka lanƙwame kuwa sai dai addu'a. Na ji wannan labari ya fi sau goma, kuma ko sau ɗaya ban ji an faɗi sauran abin da mai gwajin ya yi a shekara sittin da ya kwashe yana bincike ba. Shi ya sa na ɗauko aikin.

Tsarin da na zana yau ya sa alewa a babi na ɗaya, don ta jawo mai karatu. Wani tsohon malamina, dattijo mai jan biro, ya yarda ya riƙa duba mini babi-babi.

19 ga Janairu

Babin ƙuruciya ya zo da sauƙi. An haife shi a Viyana, babban birnin Ostiriya, ranar 22 ga Fabrairu, 1930, a gidan Yahudawa masu rufin asiri. Yana ɗan shekara 8 sojojin Hitila suka haɗiye ƙasar, iyayensa suka tattara abin da hannu zai iya ɗauka suka gudu. Zuwa 1940 sun sauka a unguwar Brooklyn ta New York, inda uban da ya saba ba ma'aikata umarni ya koma tsaron ɗan kanti na kayan kwabo-kwabo. A wannan shekara ta 1938 ɗin ce Sigmund Freud, shahararren masanin tunanin ɗan Adam, ma ya bar Viyana. Na so in ja wannan zare da tsawo, sai na ga kwalliya ce kawai, na bar shi a jimla ɗaya.

Karatu: digirin farko a Jami'ar New York a 1951, na biyu a Kwalejin Birnin New York a 1953, digirin digirgir a Jami'ar Jihar Ohio a 1956. Malamansa biyu a Ohio su ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Julian Rotter ya koya masa cewa abin da mutum yake tsammanin zai samu shi ke tuƙa aikinsa. George Kelly kuma ya koya masa cewa in kana son sanin mutum, ka nemi sanin yadda shi yake fassara abin da ke gabansa, har ma ka tambaye shi, mai yiwuwa ya gaya maka. Daga nan sai koyarwa a jami'o'i: Colorado shekara biyu, Harvard daga 1958 zuwa 1962, Stanford har 1983, sannan Columbia har ƙarshen aikinsa.

Kalmomi 3,400 a ƙasa.

2 ga Fabrairu

Mako biyu ban ƙara ko shafi ba, kuma kalma ɗaya ce ta tare mini hanya: hali.

Fannin da Mischel ya yi aiki a ciki yana nazarin abin da ya bambanta wane da wane, wato halin mutum. Babbar rigimar rayuwarsa kuwa ita ce, shin halin mutum ne ke sa shi aikata abin da yake aikatawa, ko kuwa halin da ya sami kansa a ciki? Da na rubuta jimlar sai na tsaya ina kallonta. Turawa suna da kalmomi biyu mabambanta, sun kafa sansani biyu, sun shekara ashirin suna jifan juna. Mu kalma ɗaya muke da ita. Ka ce "halinsa ke nan", ka ce "halin da yake ciki ke nan", baki bai canza komai ba. Ga kuma ta uku tana jira a gefe: "ba shi da hali", wato aljihu babu nauyi.

Da farko na ɗauki abin a matsayin cikas. Na gwada "ɗabi'a" a gefe ɗaya, "yanayi" a ɗaya gefen. Ɗabi'a ta fi karkata ga abin da mutum ya saba yi, yanayi kuma yakan ja hankalin mai karatu zuwa ga zafi da sanyi. A ƙarshe ga abin da na tsayar: "hali" ga abin da ke cikin mutum, "yanayi" ga abin da ya kewaye shi, "aiki" ga abin da ido ya ga ya yi. Amma zan faɗa wa mai karatu tun a gabatarwa cewa kalmar tamu tana da fuska uku, domin ina jin za ta yi mini amfani gaba.

22 ga Fabrairu

Da yana raye da yau ya cika 95. Na yi ranar a kan babin Tirinidad.

A shekarun 1950 ya yi zaman bazara a wani ƙauye a wannan tsibiri na yankin Karibiyan, inda jikokin 'yan Afirka da jikokin 'yan Indiya ke maƙwabtaka, kowa da abin da yake faɗa a kan ɗan'uwansa. Indiyawa su ce 'yan Afirka ba su san gobe ba, abin da ya shigo hannu yau a yau zai ƙare. 'Yan Afirka su ce Indiyawa maƙo ya hana su cin abin da suka tara. Maimakon ya rubuta zancen a matsayin gaskiya, sai ya shiga makaranta, ya sami yara 53 'yan shekara 7 zuwa 9, ya ba su zaɓi: ƙaramar alewa ta santi 1 yanzu, ko babba ta santi 10 bayan mako guda. An buga sakamakon a 1958.

Yaran Indiyawa sun fi jira, haka ne. Amma abin da ya fi kowane abu alaƙa da jiran shi ne ko akwai uba a gida ko babu, kuma rashin uba ya yi yawa a ɓangaren 'yan Afirka, a ɓangaren Indiyawa kuwa yaro ɗaya tak ya shafa. Fassarar Mischel ita ce yarda. Baƙon namiji ya zo ya ce zai dawo mako mai zuwa da alewa. Yaron da bai saba ganin namiji ya yi alkawari ya cika ba, me zai sa ya saki ta hannunsa? Ƙwai a baki ya fi kaza a akurki, musamman in ba ka taɓa ganin akurkin ba.

Wannan ya girgiza mini tsari. Shekara goma kafin gwajin da duniya ta sani, mutumin ya riga ya ce jira ba ƙarfin zuciya kaɗai ba ne. Na sa alamar tambaya a gefen babi na ɗaya.

9 ga Maris

Ban san Najeriya za ta shigo littafin nan ba sai da na kai shekarunsa na Harvard. A 1961 gwamnatin Shugaba Kennedy ta Amurka ta kafa shirin 'yan sa-kai na Peace Corps, aka horar da rukunin matasa a Harvard domin su zo su koyar a makarantun sakandaren Najeriya. Mischel yana cikin masu tantance su. An yi musu ganawa ta ƙwararru, malamai sun ba su maki, kwamiti ya zauna ya auna kowa. An kuma ba su wasu takardu masu arha da suka cike da kansu game da yadda suke ganin kansu. Bayan sun yi aiki a fage, aka kwatanta hasashen da abin da ya faru.

Takardun da matasan suka cike da hannunsu sun fi hukuncin manyan hango wanda zai yi abin kirki. Ya buga wannan a 1965. Ina ganin nan ne ƙaiƙayin ya fara masa: ga masana sun taru, kowa yana da tabbacin ya karanci halin yaro daga zama ɗaya, ga shi kuma tabbacin bai haifar da komai ba. Babin gajere ne, kalmomi 2,100, amma ya fi kowanne yi mini daɗin rubutu zuwa yanzu.

5 ga Afrilu

Babi na huɗu, littafinsa na 1968, *Personality and Assessment*, wato hali da yadda ake auna shi. Wannan ne ya sa abokan sana'arsa suka yi masa kallon wanda ya cinna wa rumbun gidansu wuta.

Abin da ya yi ba sabon gwaji ba ne. Ya tattaro binciken da aka yi shekara da shekaru ya yi tambaya ɗaya: in an auna halin mutum a takarda, ko an ga abin da ya yi a wuri ɗaya, yaya ƙarfin hasashen abin da zai yi a wani wurin? Masana suna da ma'aunin alaƙa da ke tashi daga 0, wato babu dangantaka ko kaɗan, zuwa 1, wato in ka san wannan ka san wancan. Mischel ya ga cewa awon da wuya ya wuce 0.30. Cikin tsofaffin ayyukan da ya tono har da na Hartshorne da May na 1928, waɗanda suka ba dubban 'yan makaranta damar satar amsa, da damar yin ƙarya, da damar ɗauke 'yan kuɗi ba tare da sun san ana lura ba. Yaron da ya saci amsa a aji ba lallai ne ya taɓa kuɗi ba, wanda ya yi ƙarya a wasa ba lallai ne ya yi ta a jarrabawa ba. Matsakaicin alaƙar bai wuce 0.23 ba.

Na kai wa Malam babin ranar Alhamis. Ya karanta shafi shida bai ce uffan ba, sannan ya cire tabarau.

"Ɗana, wannan Baturen yana nufin hali ba zanen dutse ba ne?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, kusan haka."

"To ni na shekara talatin da biyar a aji. Yaron da zai ba ni wahala, kafin ƙarshen zangon farko na san shi. Ka ce mini mafarki nake yi?"

Ban iya ba shi amsa a take ba, sai da na dawo gida na ga ashe tambayarsa ce masu sukar Mischel suka yi, da lissafi. Seymour Epstein ya nuna a 1979 cewa aiki guda na rana guda ba ya nuna hali, amma in ka tara ayyukan mutum na kwanaki da yawa, sai hali ya fito sarai. Zango guda na Malam ke nan: ba zama ɗaya ya yi da yaron ba, wata uku ya yi yana kallonsa. Sannan a 1983 David Funder da Daniel Ozer suka ɗauko shahararrun gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su a kan ƙarfin yanayi, har da na Stanley Milgram kan biyayya ga umarni, suka mayar da su kan ma'auni ɗaya. Awonsu ya tsaya kusa da 0.40. Ashe yanayin ma bai fi hali wani tsawo ba.

Akwai kuma batun yadda ake karanta 0.30 ɗin. In ka ninka shi da kansa za ka ce kashi 9 cikin 100 kawai ya bayyana, abin ya zama kamar ba komai. In kuwa ka karanta shi ta fuskar canka, yana nufin mai canka tsakanin abu biyu zai dace sau 65 cikin 100 maimakon 50. Wannan ba abin rainawa ba ne. Zan sa duka karatun biyu. A nan ina ganin Mischel ya ɗan zafafa, masu yaɗa maganarsa kuma suka zafafa fiye da shi, har aka riƙa cewa ya ce babu wani abu wai shi hali. Bai faɗi haka ba.

27 ga Afrilu

Kwamfuta ta mutu. Mai gyara ya riƙe ta kwana goma sha ɗaya, ya dawo da ita da sabon faifai, gyaran babi na huɗu kuwa ya tafi. Laifina ne da ban ajiye kwafi ba. Takardun da Malam ya yi wa jan biro su suka cece ni. Na sake bugawa daga kansu.

18 ga Mayu

Babin da nake ganin shi ne zuciyar littafin.

Suka ya fi gini sauƙi, kuma an daɗe ana yi wa Mischel gori cewa ya rushe bai gina ba. Amsarsa ta fara fitowa a 1973, amma hujjar ta zo ne daga wani sansanin bazara mai suna Wediko a jihar New Hampshire, inda ake kai yara masu matsalar mu'amala su yi mako shida. Shi da ɗalibinsa Yuichi Shoda da Jack Wright suka sa masu kula da yaran suna rubuta abin da kowane yaro ya yi, sa'a bayan sa'a, har kowane yaro ya tara fiye da sa'o'i 150 na lura. Abin da ya bambanta aikin shi ne ba a rubuta "ya yi zagi" a tsaya nan. Sai an rubuta a wane yanayi. Sun ware guda biyar: lokacin da wani yaro ya zo masa da fara'a, lokacin da wani yaro ya tsokane shi, lokacin da babba ya yaba masa, lokacin da babba ya gargaɗe shi, da lokacin da babba ya hukunta shi.

Ga misalin da na ƙirƙira domin mai karatu. Yara biyu, in ka tara zaginsu na mako shida ka raba, awonsu ɗaya. A takarda halinsu ɗaya ke nan. Amma na farko, in sa'ansa ya tsokane shi sai ya yi murmushi ya wuce, in babba ya ɗaga masa murya kuwa sai wuta ta tashi. Na biyu, babba zai yi masa faɗa ya sunkuyar da kai, amma sa'ansa ya kuskura ya taɓa shi, ranar ba za a ci abinci lafiya ba. Kuma kowannensu haka yake a makon farko, haka yake a na shida. An buga binciken a 1994, cikakken ra'ayin kuma a 1995.

Wato abin da ke dawwama a mutum shi ne "in kaza ta faru, sai ya yi kaza". Na daɗe ina neman yadda zan faɗi wannan da Hausa, ashe yana bakin kowa. "Wane ba shi da matsala, amma kada ka taɓa masa uwa." "Wance akwai haƙuri, in dai ba a kan kuɗinta ba." Wannan "amma" da wannan "in dai", su ne binciken Wediko. Mai lissafin da yake neman matsakaici yana share su a matsayin hayaniya, Mischel kuma ya ce a cikinsu mutumin yake.

Na karanta wa Malam sakin layin a waya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai wannan zanen dutse ne, sai dai zanen yana da lanƙwasa." Na roƙi izininsa in sa maganar a littafin, ya ce in sa amma kada in kama suna.

8 ga Yuni

Na yanke hukunci: alewa ta tashi daga babi na ɗaya ta koma na shida. Wanda bai bi ta Tirinidad da 1968 da Wediko ba, in ya shiga ɗakin gwajin zai fito da irin fahimtar masu jawabin nan. Wannan yana nufin sake gabatarwa gaba ɗaya, kuma wata takwas ɗin da na ɗiba ba za su isa ba.

Ɗakin kansa yana makarantar renon yara ta Bing da ke cikin Stanford, inda 'ya'yansa mata uku suka yi karatu. Tebur, kujera, ƙararrawa, da madubin da ake ganin yaro ta bayansa shi ba ya ganin kowa. Yaro yana da iko: duk lokacin da ya gaji ya kaɗa ƙararrawa, babba zai dawo, amma sai ya haƙura da ƙaramin rabo. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 yara fiye da 500 suka shiga ɗakin. Ba kullum ba ne ake amfani da farar alewar nan mai laushi da ake kira mashmalo. A gwajin da ya buga da Ebbe Ebbesen a 1970, biskit ne da wani ɗan abin taunawa mai gishiri.

Abin da ba a faɗa a taro shi ne, ba a shirya gwajin domin raba yaran kirki da na banza ba. Tambayar ita ce: me ke sa jira ya yi sauƙi ko ya yi wuya? Mischel ya zaci in yaro yana kallon ladan zai fi daurewa. Ya sha ƙasa. Da aka bar abin a fili, matsakaicin jira bai fi minti ɗaya ba. Da aka ɗauke shi daga gaban ido, ya haura minti 11. Aka ce wa wasu su yi tunanin abin da ke ba su nishaɗi, jira ya ƙaru. Aka ce wa wasu su ɗauka mashmalon gajimare ne, jira ya ƙaru. Aka ce wa wasu su yi tunanin zaƙinsa da laushinsa a baki, ƙararrawa ta yi ƙara nan da nan. Aka koya wa wasu su zagaye abin da firam a zuci kamar hoto, suka kai wajen minti 18. Yaro ɗaya, alewa ɗaya, jimla ɗaya daga bakin babba ta mayar da marar haƙuri mai haƙuri.

Na daɗe a kan bayanin abin da yaran ke yi in an bar su su kaɗai: mai rufe ido da tafin hannu, mai juya wa tebur baya, mai rera waƙa, mai yi wa kansa faɗa a hankali, har da wadda ta kifa kai ta yi barci. Dabara ce kowa yake nema, ba cije leɓe ba.

6 ga Yuli

Yau lissafi ne zalla, kuma na gano kuskure a rubutuna na Janairu. Na rubuta cewa an bi ɗaruruwan yara har girmansu aka ga makin jarrabawarsu. Ba haka ba ne. A rahoton 1990 na Shoda da Mischel da Philip Peake, yaran da aka sami makinsu na jarrabawar shiga jami'a ta SAT 94 ne, kuma alaƙa mai ƙarfin nan, 0.42 a ɓangaren harshe da 0.57 a lissafi, ta fito ne daga yara 35 kacal, waɗanda aka bar wa alewa a fili ba a koya musu wata dabara ba. Yawancin yaran Bing kuma 'ya'yan malamai da ɗaliban Stanford ne. Marubutan da kansu sun yi gargaɗi a kan ƙanƙantar adadin. Gargaɗin ne bai yi farin jini ba.

Sai fuska ta uku ta kalmarmu. A 2018, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, Tyler Watts da Greg Duncan da Haonan Quan suka duba yara 918 daga gidaje iri-iri, suka fi mayar da hankali kan 552 da iyayensu mata ba su kammala jami'a ba. Alaƙar jira da ƙoƙarin karatu a shekara 15 tana nan, amma rabin wadda aka ruwaito a da. Da aka cire tasirin gida da samun iyaye da basirar da yaro ya riga ya nuna, sai kashi biyu cikin uku na abin da ya rage ya zube. Mafi yawan ribar ma tana ga yaran da suka iya wuce daƙiƙa 20 na farko. A yi adalci: gwajinsu minti 7 ne iyakarsa, don haka bai iya bambanta masu dogon jira da juna ba, kuma akwai masu cewa in ka cire basirar yaro ka cire wani yanki na abin da kake aunawa. Duk da haka saƙon a fili yake. 'Ya'yan masu hali sun fi jira.

Jaridu sun ce an rushe Mischel. Ni ban ga haka ba. Kafin wannan, a 2013, Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester sun raba yara 28 gida biyu. Aka yi wa rabi alkawarin kayan zane masu kyau aka cika, aka yi wa rabi aka saɓa. Da aka zo kan alewa, waɗanda aka cika wa sun jira wajen minti 12, waɗanda aka saɓa wa wajen minti 3. Tirinidad ce ta dawo bayan shekara 55. Abin da aka rushe shi ne labarin masu jawabi. Laifin da zan ɗora wa Mischel, kuma zan rubuta shi, shi ne ya ji daɗin shaharar, har ya sa sunan alewar a kan littafinsa na 2014, alhali sunan ne ke ɗauke da gurguwar fahimtar.

3 ga Agusta

Babi shida sun tsaya da ƙafarsu, kalmomi 26,800. Saura na bakwai da gabatarwa.

Cikin makon nan na ƙara bincike biyu a ƙarshen babi na shida. Na Bettina Lamm da abokanta, wanda ya kwatanta 'yan shekara huɗu na manoman Nso a Kamaru da takwarorinsu na Jamus: kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun cika minti 10, na Jamus ba su kai kashi 30 ba, kuma yaran Nso a zaune suke tsit, wasu har da gyangyaɗi. Sai na 2022 da ya haɗa yaran Japan da na Amurka, aka gwada su da abinci da kuma kyauta a naɗe. Na Japan sun fi jiran abinci, na Amurka sun fi jiran buɗe kyauta, kowa ya daure a inda aka saba masa da dauriya. Da Shoda da Wright sun ga wannan a Wediko, "in kaza, sai kaza" za su rubuta.

Babi na bakwai zai ɗauki shekarun Columbia da girmamawar da ta biyo baya: shiga Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka a 2004, lambar Grawemeyer a 2011, da rasuwarsa a New York ranar 12 ga Satumba, 2018, yana da shekara 88, bayan fama da sankarar wata gaɓar ciki da likitoci ke kira fankiriyas. Ba na son ya zama jerin lambobin yabo, don haka ina tunanin buɗe shi da taba. Mutumin da duniya ta sani da koyar da kamun kai ya yi shekaru yana zuƙe kwali uku na sigari a rana, ya daina ya koma, ya daina ya koma. Abin da ya raba shi da ita, a faɗarsa, shi ne wata rana a barandar asibiti ya ga an turo mai sankarar huhu, an aske masa kai, an yi masa 'yan alamomi da koren tawada a jiki inda za a haska masa na'ura. Daga ranar, duk lokacin da sha'awar ta taso sai ya kira wannan hoto. Dabarar yaran Bing ce ya juya: su suna sanyaya abin da ke gabansu, shi kuma ya zafafa abin da ke nesa.

Malam ya dawo mini da babi na shida jiya, jan biro a kusan kowane shafi. Yawanci waƙafi ne da ƙugiyar ƙ da na manta. A shafi na 14 kuwa, gefen labarin Rochester, ya rubuta: "Yaron da aka saɓa wa ya ci alewarsa, ka kira shi marar haƙuri a sakin layi na biyu, ka kira shi mai hankali a na huɗu. Zaɓi ɗaya." Na duba, haka na yi. Gobe da safe daga nan zan fara, sannan gabatarwa. Sabon wa'adi: ƙarshen Oktoba.